Daren Kiran Suna

Ƙarfe ɗaya na dare, Samaru ta kwanta,
ban da janaretan Nafi'u mai cajin waya
da ke tari kamar tsohon mashayin taba.
Mu biyar a benci, ido goma a wuri guda:
waya jingine da gwangwanin madara.

Can inda rana ba ta jima da faɗuwa ba
ana rabon samari tsakanin ƙungiyoyi,
'yan ƙwallon nan mai siffar gwanda
da ake rungumewa a ƙirji a sheƙa da gudu.
Tamu ta sha kashi bara, sau goma sha uku, mun ƙirga,
shi ya sa aka ba ta ludayi da wuri.
A wannan gida, wanda ya fi shan wuya shi ke fara ɗiba.

Wata uku Tanimu yana haddar wani mai jifa:
tsawonsa, nauyinsa, faɗin tafin hannunsa.
Ya san shi fiye da yadda ya san ƙanen ubansa.
"Shi za su ɗauka," in ji shi,
"in ba haka ba na bar tsire sai bayan damina."

Sai hoto ya daskare.
Istifanus ya miƙe da waya sama
kamar mai duban jinjirin wata.
Kafin sabis ya dawo an riga an kira.
Ba mai jifa ba ne.
Wani ƙato ne mai tare hanya,
wuya kamar turmi, murmushi kamar ɗan yaye.

Tanimu ya yi jifa da hularsa.
"Direba muke nema, sun sayo mana ƙyaure!
A kori koci, a kori mai kuɗin, a kori har mai shara!"
Balaraba, ɗalibar likitan dabbobi,
ta ajiye kofinta a hankali:
"Bara sau nawa aka danne mai jifanmu a ƙasa?
Wa ke zuba hatsi a rumbun da ba marufi?"
Aka kaure. Istifanus ya ce a ba yaro shekara biyu.
Nafi'u ya ce man fetur ba zai jira shekara biyu ba.

Malam Jatau mai shayi, da bai san dokar wasan ba,
yana sheƙa ruwan bunu daga kofi zuwa kofi,
ya ce, "Shi yaron, ya san da zamanku?"
Ba wanda ya amsa.

Ni kuwa ba gardamar nake bi ba.
Uwar ƙaton nake kallo a kusurwar hoto,
ta kife fuska a kafaɗarsa tana kuka,
shi kuma hular ƙungiya ta ƙi shiga kansa.
An kira sunansa. Shi ke nan abin da ya faru.

Na saci kallon Tanimu.
Shekara uku da gama bautar ƙasa,
takardunsa sun je Kaduna, sun je Abuja,
sun san kowace motar da ke tashi daga Kwangila.
Duk jerin da aka kafe, da yatsa yake binsa
daga sama har ƙasa, ya sake daga ƙasa.

Ya sunkuya ya ɗauki hular, ya kaɗe ta.
"Miƙo wayar," in ji shi, "mu ga wasanninsa."
Muka ga ƙaton ya ture mutum biyu kamar buhun dusa.
Muka sake gani.
"Ba laifi," in ji Tanimu. "Yana da ƙafa.
Ban dai yafe musu ba."

Janareta ya yi tarin ƙarshe ya mutu.
A cikin duhu na ji muryarsa:
"Gobe zagaye na biyu. Ƙarfe nawa ne?
Kuma wancan zancen tsire, ai balangu ba ya ciki."