Daga Ɗakin Haska Fim, Oruro

Shekara talatin da huɗu ina cikin wannan akurki
a bayan ƙeyar 'yan kallo,
ina tura haske ta ƙafar bango.
Na san fuskar Casilda Aruquipa
fiye da ta ƙanwata.

Na gan ta matar mahaƙin kuza,
tsaye bakin rami, miya na hucewa a hannunta.
Shekara biyu sai ga ta alƙaliya mai cin hanci,
har wata tsohuwa a layin gaba
ta jefi allon da ɓawon lemo.
Ta fito a kurma. Ta fito a direban bas mai gashin baki,
sai da sunaye suka fara hawa muka gane ita ce.

An ce 'yan kunnen azurfar kakarta ta sayar
aka ƙarasa wannan na ƙarshe.
Kyamarar ma aro ce daga Lima.

Yau Asabar. Mutum tara, da karen mai gadi.
Rufi na ɗiga kan kujera ta sha bakwai,
na tara bokiti.
Ƙetaren titi samari sun ja layi har kwana
don ganin baƙi na farfasa motoci.
Ban ga laifinsu ba, can akwai ɗumi da gugguru.

Mai gidan ya ce daga watan gobe
masu wa'azi za su karɓi zauren.

To, Allah ya kai mu. Kafin nan, Casilda,
ga ki a minti na arba'in kin ɗago ido,
ba ki ce uffan ba,
wani tsohon mahaƙi cikin taran nan ya haɗiye tarinsa.
Na ja hannun riga, na sake goge gilashin.