Kwanar Dama, Bayan Dutse

A rumbun da babanmu ke tara ciyawar shanu,
bayan tafkin da ke daskarewa tun Nuwamba,
nan tsohuwar Saab ta kwana shekara talatin da ɗaya
ƙarƙashin tamfol, tayoyinta sun sace,
ɓeraye sun yi jego a kujerar da nake zama.

Ni ce Tuulikki, mai riƙe takarda.
Yayana Aulis ne mai sitiyari.
Nakan karanto masa hanya tun bai gan ta ba:
tudu, gada, kwanar hagu, kada ka taɓa birki.
Har ranar da na juya shafi biyu a manne,
muka kwanta a rami, tayoyi huɗu na kallon sama,
dusar ƙanƙara na shigowa ta gurbin gilashi.
Bai taɓa ce mini ke ce ba.
Ni ma ban taɓa cewa ni ce ba.

Bara na ajiye aikin gidan waya,
na sayi sifanu da fitilar goshi.
A nan Finland, rana kan leƙo da hantsi
ta janye jiki tun kafin la'asar,
sauran duhun duk nawa ne da tsatsa.

Tsatsa ba ta gaggawa.
Noti ɗaya ya ci mini kwana tara:
na ba shi mai, na ba shi wuta, na ba shi zagi,
ran na goma ya juyu kamar bai san an yi ba.
Kowane ƙarfe da kwalbarsa,
kwalaben da Inna ke zuba 'ya'yan itacen daji,
rubutun hannunta na nan jikin murfi.
Wani tsoho daga Umeå ya aiko mini fistin
a naɗe cikin safar ulu, bai karɓi ko sisi ba.
Inkeri, 'yar maƙwabta, ta koya mini walda,
tana dariyar ɗinkina
wai kamar sawun kaza a taɓo.

Aulis kuwa idanu sun tafi sun bar shi.
Yana zama gefen murhu, kofin gahawa a cinya,
kunnensa na ƙarƙashin bonet tare da ni.
Ran da na gauraya baƙin mai da fetur,
na murɗa makulli, ta yi tari, ta yi tari,
ta tashi da shuɗin hayaki har tsuntsaye suka watse,
ina shirin kuka sai ya ce,
fulogin tsakiya ba ya ci.
Na duba. Ba ya ci.

Na yi mata fenti ja, irin na da,
amma loɓar rufin na bar ta yadda take.
Inkeri ta ce awa biyu ta ishe ta ta buge ta.
Na ce ba ta cikin lissafi.

Da ƙanƙara ta fara sakin hanyar daji
na ɗaura masa bel a kujerata,
na zauna a tasa, gwiwoyina na rawa.
Ba takarda a hannunsa, ba ido,
amma ya buɗe baki:
tudu. Gada. Hagu, ki sake ta.
Itatuwan sun ninka tsayinsu,
hanyar kuwa ba ta canza ko taku ɗaya a kansa ba.

Sai muryarsa ta sauka.
Kwanar dama, bayan dutse.
Ya yi shiru, sannan ya ƙara:
wannan ce shafin ya haɗiye.

Na sauko giya ta biyu.
Na sha kwanar a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai.
Kwana nawa muka yi kafin mu fita wannan kwana?

Gaba kaɗan lagireto ya fara yoyo.
Muka fito, ni da shi, muna turi,
hannunsa ɗaya a kan loɓar rufin,
yana mitar ban ɗaure tiyo da kyau ba.