Garin Azurfa

Ranar da muka zo kwashe maƙerar babanmu
ƙanƙara ta toshe rabin taga.
Ni da tsintsiya, ƙanena Troels da kwalaye.
Ya ce, "Bodil, share ki zubar, dare na yi."
Na ce a'a,
ƙurar ɗakin nan ba ta juji ba ce.

Aksel Kolstrup, maƙerin fari,
ɗan masunci daga tsibirin Bornholm,
wanda teku ta ƙi tun yana ɗan shekara goma.
Da ya hau kwalekwale sai amai.
Uban ya dube shi, ya tofar da yawu a ruwa,
ya ce hannun da ya kasa jan koma
a nema masa abin da ba nauyi.
Aka sa shi a jirgi da burodi biyu da wasiƙa.

Shekara uku a Kopenhagen bai taɓa azurfa ba,
sai zuga wuta, sai ɗebo gawayi.
Maigidansa ba ya koyarwa da baki:
ya ƙwace guduma, ya buga sau uku, ya miƙo.
Kunne ya riga hannu ganewa.
Azurfa in ta gaji da duka muryarta kan bushe,
sai a mai da ita wuta a lallashe ta.

Zamanin nan kowa fure yake so a ƙirji,
fure da ganye da 'ya'yan inabi.
Shi kuwa ya ƙera maƙalin riga sumul,
lanƙwasa ɗaya tak, kamar haƙarƙarin jirgin ubansa.
Wata bakwai yana kwance a taga yana baƙi
kafin wata ungozoma ta saya,
ita ma biya uku ta yi.

Da yaƙi ya zo azurfa ta yi ƙafa.
Ya koma baƙin ƙarfe
da ƙaron nan mai ruwan zuma da teku ke tofowa gaɓa.
Amma masu aure ba su fasa zuwa ba,
su tsaya bakin ƙofa, hula a hannu.
Wata asuba ya buɗe akwatin mamanmu
ya narke cokulan aurenta, shida cif.
Zobe goma sha tara suka fita.
Muka sha miya da cokalin katako,
ita kuwa ba ta ce masa uffan ba
har ƙanƙara ta narke.

Suna ya zo daga baya, ya zo a makare.
'Yan jarida, masu hoto,
shi yana ɓoye baƙin farcensa a aljihu.
Kamfani ya sayi zanensa, inji ya buga dubu,
kuɗin ya gyara mana rufi, ban musa ba,
amma in mun bi ta gaban kantin
sai ya tsallaka titi.
Ya ce an goge wa abin sawun guduma,
ya zama fuskar da ba ta taɓa kuka ba.

Bayan rasuwarta ya soma biyan bashi.
Hannu na rawa, kunnen hagu ya toshe,
cokali ɗaya kan cinye masa hunturu guda.
Ga su nan a tsumma. Biyar.

Don haka na durƙusa, Troels na tsaki,
na kakkaɓe fatar da ke tare masa gari a cinya,
na bi tsagin katakon daɓe da allura,
shekara hamsin da ɗaya na abin da magagari ya ci.
Na ƙona sharar, na zuga, na jira.
Ɗan dunƙule ya taru a gindin kasko,
bai kai ƙwan tattabara ba.

Na auna shi a sikelinsa, na sake aunawa.
Zai yi bakin cokali.
Mariƙi ne dai babu.