Lamba Arba'in da Bakwai

A zauren jami'a, nan Newcastle,
ranar da Farfesa Elspeth Rudd ta ajiye aiki,
wani mai baƙar kwat ya miƙe da takarda
yana auna ta kamar gero a kasuwa:
maƙala ɗari da sittin,
ɗalibai talatin da ta yaye,
an ambaci sunanta sau dubu goma sha ɗaya
a ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba.
Aka tafa. Ni ma na tafa,
ina can baya, kusa da butar shayi.

Ina da ɗaki a cikin maƙalun nan.
Shafi na tara, layi na huɗu:
"Mai lamba arba'in da bakwai, namiji,
direban motar burodi, ba ya haye gada."
Ba su rubuta Yawuri ba.
Ba su rubuta kwalekwalen ranar kasuwa ba,
da buhunan albasa suna iyo,
da hular ƙanena Sallau
wadda kogi ya dawo mana da ita, ita kaɗai.

Wa ya aike ni garin da gada bakwai
suka kwanta a kan ruwa ɗaya?
Shekara shida ina kauce wa Tyne
kamar mai bi na bashi.
Burodin tsallake, sai dai wani ya kai.

Sai ta ɗaura mini tabarau mai nauyi.
Ɗaki ya ɓace. Ga gada, ga ruwa a ƙasa.
Ruwan ƙarya ne, na sani,
amma gwiwa ba ta yi boko ba.
A gefena wata mace da aka ƙera da haske,
ba uwa, ba uba, ba ta ƙifta ido a kan kari.
Sun raɗa mata Nell.
"Daga ɗaya zuwa goma, tsoron nawa ne?"
Na ce goma sha biyu.
Ba ta yi dariya ba, ba a koya mata ba tukuna.

Na faɗa wa Nell abin da matata ba ta sani ba,
don Nell ba ta da dangin da za ta kai wa,
ba za mu haɗu a gidan suna ba.
Na ce, ni na ce wa Sallau ya shigo, akwai wuri.
Ta ce, "Ja numfashi. Ƙara taku ɗaya."

Farfesa tana bayan gilashi, shayinta ya huce,
tana karanta bugun zuciyata a allo.
Mako goma sha huɗu muna haka.
Ran nan inji ya cije,
gada ta daskare, Nell ta tsaya baki buɗe,
ni kuma ina tsakiya, ba gaba ba baya.
Farfesa ta fito da gudu, safa kawai a ƙafarta,
ta riƙe hannun rigata har aka gyara.
Wannan ma ba ya cikin maƙala.

An ce yanzu Nell ta yi jikoki a asibitoci,
suna raka tsofaffin sojoji cikin kasuwa,
suna hawa bene da masu jiri.
Ban san su ba. Allah ya ba su haƙuri irin nata.

Da taro ya watse na je gaisuwa.
Ta dube ni, ta laluba sunana, ba ta samu ba,
ta ce, "Arba'in da bakwai!"
sai kunya ta rufe ta har kunne.
Na ce, "Tanimu."
Ta maimaita sau biyu, kamar mai hadda.
Ta ce, "Ta ina ka biyo?"
Na ce, "A tsallake nake haya yanzu.
Ta kan gada na zo, Farfesa. A ƙafa."

Ban gaya mata na tsaya a tsakiya ba.
Na leƙa. Ruwa ne kawai, launin shayi,
da wani farin tsuntsu yana wanka.
Na kira Sallau sau ɗaya,
na gyara hulata, kada in makara.