Goshinsa Bai Yi Zafi Ba

Ran Talata, a Aboabo,
kakana Malam Ɗanjimma ya kira ni Sa'ade.
Sa'ade uwata ce, shekararta tara a ƙasa.
Ya ce in kai masa huhun goro Kejetia
kafin motar Tamale ta tashi.

Na taɓa goshinsa, sanyi ƙalau kamar gindin randa.
Maƙwabta suka ce tsufa ne, a bar wa Allah.

Nas Akosua, a asibitin Manhyia,
ta ce a kawo fitsarinsa a kwalba.
Da Hausarta mai gishirin Tonanci ta ce,
"Tsoho ba dole ya yi zazzaɓi ba.
Cuta takan shige shi ba sallama,
ta fara zama a ka."

Ƙwayoyi na kwana bakwai.
Ran na huɗu ya ce ya warke,
ya ɓoye sauran cikin hula.
Na zazzage hular.

Yanzu ni ke ƙirga masa ruwa,
kofi bayan kofi, yana mitar zaryar bayi.
In ya gama alwala in tsane tsakanin yatsun ƙafarsa,
nan ciwon suga ke ɓoye gyambo.
Jika mai tari kuwa,
gaisuwarsa daga bakin ƙofa.

Jiya ya kurɓi koko, ya yamutsa fuska:
"Lantana, wannan ai hukunci ne, ina suga?"

Lantana.
Na fita bakin famfo,
na daɗe ina wanke hannun da ya riga ya fita.