Awon Kawu Nomau

A zauren Kawu Nomau, bayan tashar Tawa,
sai an tura ƙyaure ake buɗe gwangwani.
Ba taba, ba garwashin shayi, ba yaro mai guje-guje.
Fitila ma ta batir ce, tana rataye can nesa.

Yakan shimfiɗa buzun akuya ya jera kayansa:
kwanson tagulla goma sha ɗaya da ya goge da tsamiya,
ɗan sikelin da ya saya hannun wani maƙerin azurfa
da idonsa ya gaza,
da littafin awo wanda maiƙo ya cinye gefensa.

Albarushi iri biyu gare shi.
Ɗaya, in ji shi, zuciyar saurayi ce,
kafin ka ƙifta ya ci kansa ya ƙare.
Ɗayan dattijo ne, ba ya tashi da garaje,
amma yakan raka baƙonsa har bakin ƙofa.
"Dalma mai nauyi dattijo take so," yake cewa,
"kar ka haɗa jaki da kayan raƙumi."

Ni ke riƙe cokali yanzu, hannunsa ya soma rawa.
Ina zubawa ƙwaya ƙwaya, ina danne numfashi,
shi kuwa ya zuba wa allurar sikeli ido
kamar mai duban wata daren ashirin da tara.
"Rage."
Na rage.
"Mi kake sauri? Dajin Bagga ba shi da ƙafa."

Wata rana na ce, Kawu, ƙwaya uku me za su ƙara?
Bai amsa ba. Ya ɗaga hannun hagu,
inda yatsu biyu suka yi sallama da ƴan uwansu
tun shekarar da ya yi awo da ido,
don abokai na jira a ƙofa, suna masa dariya.

Amma ba wannan ke hana shi barci ba.
Barewa ce, a fakon arewa da Tabalak.
Ya sa mata dalma marar nauyi, ta zomo da zabo,
ta shige ta, ba ta kashe ta ba.
Kwana biyu yana bin ɗigon jini a kan tsakuwa,
ruwan salkarsa ya ƙare, takalminsa ya tsinke,
ya tarar ungulu sun riga shi.
"In ka zarce, kai za ka biya.
In ka gaza, ita za ta biya,
kuma ba ta ci bashinka ba."

Ya danna dalma a bakin kwanso,
ya mirgina shi a tafin hannu, ya kai kunne,
ban san me yake saurare ba.
Ya ɗauki fensir ya rubuta da ajami:
ranar, da awon, da sunan wanda ya auna.
Sunana ne. Karo na farko.

Da asuba muka fita, takardar izini a aljihunsa
naɗe cikin leda kamar laya.
Muka wuce gonakin albasa, muka hau dutse,
muka zauna gindin aduwa har rana ta take tsaka.
Tuji ɗaya ya gifta, nesa ƙwarai.
Kawu ya ɗaga bindiga, ya auna, ya daɗe,
sannan ya sauke.
"Awonmu bai kai can ba."

Mun dawo da goma sha ɗaya, kamar yadda muka tafi.
Inna Tsahara ta leƙa buhu, ta yi tsaki,
ta ce to, yau ma miyar kuka ce.
Kawu ya wanke hannu, yatsu takwas,
ya ci, ya ƙara.