Makullin Gambo

A Garwa, can bayan Rumde Ajiya,
Fijon Gambo na zaune kan bulo huɗu,
kaji na ƙwai a kujerar baya.

Da mu biyar ne. Duk Juma'a bayan la'asar
mu ɗaga bonet kamar masu dubiya.
Hamajoda ya fara tafiya, da damina,
'ya'yansa suka sayar da Landirobarsa a kilo.
Sai Tanimu. Sai Gambo, bara,
da baƙin mai a ƙarƙashin farce
wanda mai wankan gawa ya kasa fitarwa.

Matarsa ta miƙo min makulli cikin tsumma:
"Ya ce kai kaɗai ka san ciwonta."

Jiya na ba ta lita ɗaya da batirin aro.
Ta yi tari sau uku, ta kama,
jikinta na rawa kamar tsoho yana dariya.
Na zauna ciki, ban sa giya ba.
Ina za mu, babu taya?

Saura ni da Buba, shi ma ido ya tafi.
Na dai ajiye tsumman.
Ban san wa zan naɗe wa ba.